Milimita Huɗu

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Yau sun karɓe katina na shiga ɗakin gwaji. Manaja bai iya haɗa ido da ni ba, sai gyara takardu yake ta yi a kan tebur yana cewa na ɗan lokaci ne, har kwamiti ya gama bincike. Na cire katin daga wuyana na ajiye masa. Ban yi gardama ba. Ina so wannan ya shiga littafi.

Shekara goma sha tara ina zana fanel, ɗan allon nan na cikin na'urar lantarki, a kamfanin nan. Akwatin da ake ta magana a kai, farin nan da ake ɗaurawa a kan rufi yana fuskantar turken sabis, yana kai wa mutane tarho da intanet inda waya ba ta isa ba, ni na zana cikinsa tun daga farar takarda. Koren fanel ɗin bai fi tafin hannuna ba. Hawa shida ne, zaren tagulla ya ratsa su kamar lunguna, kuma babu zare ɗaya da ban san dalilin lanƙwasarsa ba. A tsakiya cip yake zaune, ɗan baƙin abu kamar farcen babban yatsa, shi ke magana da turke. Akwati dubu uku da ɗari biyu ke kan rufin mutane yanzu. Shekara biyu ke nan, ko guda ɗaya bai dawo ba.

Yanzu wai suna mutuwa da rana. Wajen ƙarfe ɗaya sabis ya ɗauke, da la'asar ya dawo da kansa kamar ba a yi komai ba. Ba duka ba, na baya-bayan nan ne, kamar ɗari tara.

Sai kuma abin da ya faru ranar Alhamis a ƙaramin asibitin nan na bayan gari. Ba zan rubuta shi ba.

Zanena ba shi da laifi.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Na yi wanka, na shirya, na ɗauki makullin mota, sai a bakin ƙofa na tuna ba ni da wurin zuwa.

Baba yana zaune a ɗakinsa na gaba. Idonsa ya yi rauni amma kunnensa ba abin da ke wuce shi, mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo. Ya ce, "Uwata, ban ji motarki ba yau." Na ce hutu na ɗauka. Ya ce to. Wannan "to" ɗin na san shi tun ina 'yar shekara tara, lokacin da na ƙona masa mita na ce faɗuwa ta yi.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Na wanke labulen gidan nan kaf.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Uwar Layi ta zo bayan an tashi daga aiki. Haka kowa ke kiranta, don ita ke kula da mata talatin masu liƙa kaya a jikin fanel da dalma, kuma babu fanel da ke fita sai ya bi ta ƙarƙashin idonta. Ta sha ruwa, ta gaida Baba, ta yi min tsiya cewa na fara ƙiba a kwana uku. Da za ta tafi sai ta zaro ƙullin mayafi daga jakarta ta tura ƙarƙashin matashin kujera.

"Ban kawo miki komai ba," in ji ta. "Ke ma ba ki ga komai ba."

Fanel biyu ne, daga cikin akwatunan da aka dawo da su.

Ta ce a kamfani kowa Dogo yake nunawa da yatsa. Dogo shi ne mai sayo mana kaya. Bara da cip ɗinmu na asali ya yi wuya, duniya duk ana nemansa ba a samu, shi ya nemo na wani kamfani, girma ɗaya, ƙafafu ɗaya, aiki ɗaya a takarda. Akwatunan da ke mutuwa duk wannan sabon ne a cikinsu. Ba zan ɓoye wa littafina ba, da na ji haka sai da ƙirjina ya yi sanyi.

Akwai wata takarda. Ba yau ba.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na shimfiɗa tawul a kan teburin cin abinci na duba su da gilashin ƙara girma, ƙafa bayan ƙafa. Aikin matan nan tsaf yake. Kowane ɗigon dalma yana ƙyalli, ba wanda ya yi kumburi, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ko a ƙasar da ake ƙera cip ɗin ba za a fi haka ba. Na daɗe ina kallon zanena. Yana da kyau. Ko maƙiyina ya gani zai ce yana da kyau.

Ƙamshin dalma ne ya tona ni. Baba ya lalubo bango ya fito, ya ja kujera ya zauna, ya ce hutun nan nawa yana da ƙamshin shago. Na gaya masa komai, ban da maganar asibiti. Bai yi mamaki ba. Ya ce in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, kayan aikinsa na ciki, su ma sun gaji da hutu.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Mu ma muna da akwatin a kan rufinmu, irin na farko. Malam, mijina, ya riƙe min tsani yana cewa shekara ashirin da biyu da aure bai taɓa zaton aikinsa zai koma riƙon tsani ba, shi da yake da digiri a lissafi. Na sauko da cikin akwatin, na bar eriya a sama, na ja waya ta taga. Na sa fanel mai sabon cip a cikin kwali tare da ƙwan fitila da ma'aunin zafi, na rufe.

Digiri hamsin, sabis lafiya. Hamsin da biyar, lafiya. Sittin da ɗaya, ɗif. Na buɗe kwali, na jira ya huce, ya dawo. Sau bakwai na yi, sau bakwai haka. Na sa tsohon namu, har saba'in da biyar bai ko girgiza ba.

To ga shi nan. Zafi ne, kuma sabon cip ne. Abin da kwamiti mai mutum biyar bai gano ba a mako guda, na gano shi da kwalin sabulu.

Zanena ba shi da laifi.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Dogo ya zo kafin ya wuce aiki. Bai yarda ya shigo ba, a bakin get muka tsaya. Ya rame. Mutum ne da ke cika ofis da dariya, yau ga shi yana murza hularsa a hannu. Ya ce kwamiti ya kira shi Litinin mai zuwa, kuma ya san abin da za su yanke, Manaja ma ya daina amsa gaisuwarsa.

Sai ya ce, "Injiniya, takardar nan da kika sa wa hannu tana wajena. Ba su tambaya ba, ni kuma ban kai ba. Ki kwantar da hankalinki. Ni saura shekara uku in yi ritaya, ke kuwa kamfanin nan ba shi da kamarki."

Ban san lokacin da na ce masa ban roƙe shi ba. Da kakkausar murya na faɗa. Ya ce haka ne, ya sa hularsa ya tafi. Mutum ya zo da alheri na sallame shi kamar mai talla.

Ƙarfe 10 na safe

To, takardar.

Wata goma sha ɗaya da suka wuce Dogo ya kawo min sabon cip da takardar amincewa. Layin haɗa fanel a tsaye yake mako na uku, mata talatin zaune ba aiki, ana maganar a tura su gida. Na karanta bayanan cip ɗin, na gwada shi yini guda a kan teburina, a ɗaki mai sanyi, ya yi aiki sumul. Ƙa'ida ita ce a sa shi a akwatin zafi kwana goma. Akwatin zafin yana cike da aikin wani sashe, sai bayan mako biyu. Na sa hannu.

Ni na rubuta wannan ƙa'idar. Da hannuna, shekara takwas da suka wuce.

Amma cip ne ya gaza. Sa hannu daban, zane daban.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Baba ya saurari gwajin jiya da na yau. Can ya ce a zamaninsa akwai rediyon da idan ya ɗau zafi yake barin tasha, kana jin labarai sai ka ji ya sulale zuwa shuuu. Masu gaggawa sukan canja babban kaya, su caji mutum, bayan kwana biyu ya dawo. Shi kuwa yakan bar rediyon ya yi zafi, ya tsoma auduga a sifirit, ya riƙa taɓa kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa tasha ta dawo, shi ne ɓarawon.

Na ce, "Baba, ai na riga na san ɓarawon."

Ya ce, "Kin taɓa shi?"

Don in rufe masa baki na yi. Na bar fanel ya kai sittin da ɗaya, sabis ya ɗauke, na ɗora auduga mai sanyi a kan cip. Ba abin da ya faru. Na sake jiƙawa, na sake ɗorawa. Shiru. Na bi sauran kayan ɗaya-ɗaya, raina yana ɓaci, har na zo kan kiristal. Ɗan ƙarfe ne kamar ƙwayar shinkafa, shi ke riƙe wa cip lokaci kamar makaɗi da mai rawa, idan ya saki kiɗa cip ya rasa taku ya daina jin turke. Audugar na taɓa shi koren hasken sabis ya kama.

Kiristal ɗin yana zaune kusa da ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, wanda kullum jikinsa da zafi. Na ɗauko ma'auni, ko da yake ba na bukatarsa. Milimita huɗu. Littattafai sun ce a ba su goma sha biyu. Ni na matso da su, don fanel ya ƙanƙance ya shiga ƙaramin akwati mai sauƙin ɗaurawa. Na tuna ranar. Na tuna yadda na kira mutane su zo su gani. Tsohon cip mai haƙuri ne, ko kiɗa ya ɗan kauce yana bi, shekara biyu yana rufa min asiri ban sani ba. Sabon ba ya yafiya.

Baba ya ce me na gani. Na ce tasha ta dawo. Ya lalubi bango ya koma ɗakinsa.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Milimita huɗu.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na je asibitin. Tafiyar awa ɗaya da rabi, rabinta ba kwalta. Ɗaki uku ne da baranda, wayar hannu ba ta kamawa sai an hau tudu. Akwatina yana nan a kan rufin kwano, fari tas, rana na dukansa.

Ungozomar ta girme ni. Na gaya mata ko ni wace ce, ban rage komai ba. Na ɗauka za ta rufe min ƙofa, sai ta ba ni kujera. Ta nuna min tarhon a kan teburinta, ta ce kafin a kawo shi, idan haihuwa ta gagara sai a tura mutum a babur ya kira motar babban asibiti. Watanni ke nan da ta manta da babur. Ta ce ranar Alhamis ɗin ƙarfe biyu saura ta ɗaga tarhon, ta ajiye, ta sake ɗagawa, sau nawa ma ba ta ƙirga ba. Daga baya aka nemo babur.

Na tambayi abin da na zo tambaya. Ta amsa.

Uwar dai tana raye, an sallame ta shekaranjiya.

Da zan tafi ta ce ba ta san ko da tarhon ya yi aiki abin zai canja ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da take so in gaya mata shi ne yaushe zai daina mutuwa da rana, don tana da mata huɗu da watansu ya kama. Na ce ta ba ni mako guda. Na hau tsaninsu na ɗaura wa akwatin inuwa da guntun kwano, in ya rage ko digiri biyar ne.

A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi na ɗan lokaci.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Kwana biyu ban ɗaga kai daga tebur ba, kuma na samu. A cire kiristal a sa irin wanda zafi ba ya kautar da shi, a yanke zare ɗaya, a ɗora ɗan siririn alminiyom ya janye zafi zuwa gefe. Minti goma sha biyu a kowane fanel. Na kai kwalin digiri tamanin, har ya fara ƙauri, koren haske bai ƙifta ba. Gyara ne mai tsabta. Ba kowa zai iya fito da shi a kwana biyu a kan teburin cin abinci ba, wannan kuma ba yabon kai ba ne.

Malam ya karanta rahoton da na rubuta. Ya tsaya a shafi na biyu, inda na sa sunana sau biyu, ya tambaye ni ko na san abin da zai biyo baya. Na ce na sani. Ya ce zan iya kai musu gyaran kawai, ba wanda zai auna milimita. Na ce ni na auna. Ya cire tabarau ya goge, ya ce akwai wakafi da na manta a layi na shida.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Ba su gayyace ni ba. Na zauna a bencin da ke ƙofar ɗakin taro tun ƙarfe takwas, da kwalina a cinya. Dogo ya zo ya gan ni ya tsaya turus. Na ce masa ya ba ni takardar nan. Ya ce a'a. Na ce tawa ce, sunana ne a kai. Ya daɗe kafin ya buɗe jakarsa.

Da aka kira shi na bi bayansa. Manaja ya miƙe yana cewa ba yau ne ranata ba. Shugaban kwamitin, wani dattijo da aka ɗauko daga waje, ya ce a bar ni. Na jona kwalin, na sa suka ga hasken ya mutu a sittin da ɗaya. Na miƙa wa dattijon audugar na ce ya taɓa cip. Ya taɓa. Na ce ya taɓa wancan ɗan ƙarfen. Hasken ya kama, ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Wannan tazarar ni na zana ta. Wannan takardar ni na sa mata hannu ba tare da gwajin zafi ba. Shi Dogo abin da aka ce ya sayo ya sayo, kuma sai da ya tambaye ni. Ga gyaran a shafi na huɗu. Ina roƙon a fara da asibitoci, guda goma sha ɗaya ne, na jera su."

Dattijon ya tambaye ni a ina na samu fanel ɗin da na yi gwaji da su, tunda an hana ni shiga. Na ce wannan ba zan faɗa ba. Ya rubuta wani abu.

 Daidai na yi magana.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Shiru. An dai kawo min fanel goma sha ɗaya jiya don asibitoci, na gyara a gida, yau aka aiko mota ta karɓa. Direban ya ce na ungozoma ne farko.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Wasiƙa ta zo. Dogo yana nan a kan aikinsa. Ni an sauke ni daga shugabancin sashen zane, an ba wani da na koya wa riƙon gilashi. Za a sake duba lamarina bayan shekara guda. Kafin nan an tura ni layi, in kula da gyaran akwati ɗari tara.

Na karanta wa Baba. Ya ce in sake karanta wajen Dogo. Na sake. Ya ce, "To, Uwata." Wannan wani "to" ne daban.

Na shiga ɗaki na yi kukana, ba mai yawa ba. Ofishin nan da tagarsa ina son shi.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Ranar farko a layi. Na shiga da shirin tsayawa a gaba in yi bayani a allo. Na yi, minti ashirin, matan suka saurara. Da na gama na ga kujera ɗaya ba kowa, mai ita ta tafi haihuwa. Ɗari tara ne, kowane hannu yana da amfani. Na ɗaura ƙyallen aiki na zauna.

Ba wadda ta yi maganar kwamiti. Ta kusa da ni ta turo min dalmarta ta ce tawa ba ta da kyau. Da aka tashi cin abinci suka matsa min wuri a benci, ana ta hirar wata da mijinta ya sayo mata takalmi ƙafar hagu biyu. Rabon da in yi dariya haka na manta.

Dogo ya leƙo da rana da kwalin sababbin kiristal a kafaɗa. Ya ajiye, ya tsaya kamar zai yi magana. Na ce masa ya yafe min abin da na faɗa a bakin get. Ya ce shi bai ji komai ba, ranar iska ake yi.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Mu shida da aka ware wa gyara a layi mun gama ɗari da arba'in yau. Ni na yi ashirin da shida, na jera su a tire na kai wa Uwar Layi kamar kowa. Ta sa gilashi ta bi su ɗaya-ɗaya, ba ta ko dube ni ba. Ta ware uku gefe.

Na ce me suka yi. Ta ce dalmar ta yi yawa a biyu, ɗayan kuma kiristal ya karkace. Na ɗauka na duba da kyau, don na yi niyyar musu. Ya karkace.

"Injiniya," in ji ta, a gaban mata talatin, "zane naki ne, amma layi nawa ne. Koma ki sake."

Na koma na sake. Ta duba, ta wuce da biyu, ta dawo min da ɗaya. A karo na uku ta ɗaga shi ga haske ta daɗe, sannan ta buga masa hatiminta ta jefa a cikin na fita.

Ta ce gobe ƙarfe bakwai, kuma in zo da tabarau.